Kafin Tsoho Ya Faɗi: Yadda Ake Gwada Tsayuwa da Numfashi, a Kuma Horar da Su a Gida

Akwai wata kulawa da muke yi wa iyayenmu wadda ke cin ƙarfin ƙafarsu. Da zarar Baba ya yi tuntuɓe sau ɗaya a soro, ko Inna ta zame a bakin rijiya, sai gida ya yanke hukunci: daga yau a zauna. A kawo buta har gabansa, a kai masa abinci ɗaki, jika ya je kasuwa a madadinta. Niyyar mai kyau ce, ladabi ne da tausayi. Amma jiki ba ya ajiye abin da aka daina amfani da shi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma, da aka auna su sai aka tarar kusan kilo guda na naman ƙafafunsu ya zube. Kwana goma ke nan, kuma ga masu lafiya. Wanda aka zaunar wata shida fa?

Tsoron da ke sa mu zaunar da su ba na banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya karye a ƙugu ya san yadda wata guda a kan katifa ke komawa shekara. Sai dai zaunarwar ita ke ƙara kusanto da faɗuwar da ake gudu. Tsayuwa ba tangaɗi gwaninta ce da jiki ke koya, yana mance ta idan an bar ta, yana kuma sake koyonta ko da a shekara 90. Ɗa ko 'ya ko jika na iya gwada ta a gida, ya kuma taimaka a farfaɗo da ita, da kujera ɗaya, da bango, da agogon waya.

Abin da ke riƙe mutum a tsaye

Mutumin da ya tsaya cak, jikinsa bai daina motsi ba. Nauyinsa yana sama, a ƙirji da ƙugu, gindin da ke ɗauke da shi kuwa tafukan ƙafa biyu ne kawai. Kowane lokaci yana ɗan karkata gaba ko baya, tsokokin sha-raɓa da na ƙwauri suna jawo shi suna mayarwa, kamar yaron da ya tsayar da karan dawa a tafin hannu: karan kullum a hanyar faɗuwa yake, hannu ne ke binsa yana tarowa. Idan karkatar ƙarama ce, idon sawu ya isa ya gyara. Idan ta fi haka, sai a lanƙwasa ƙugu. Idan ta wuce nan, babu makawa sai an jefa ƙafa an taka, kuma saurin wannan takun ne ke raba wanda ya yi tuntuɓe ya wuce da wanda ya kai ƙasa.

Kafin ƙwaƙwalwa ta gyara, sai ta san an karkata, kuma labari yana zuwa mata ta hanya uku. Ta farko ido. A 1974, a Edinbara, David Lee da Eric Aronson sun tsayar da yara sababbin tafiya a cikin wani ɗaki da aka rataye bangonsa da rufinsa, daɓen kuwa a kafe. Da aka ɗan motsa bangon, yaran suka riƙa tangaɗi, wasu suka zube, alhali ƙasa ba ta motsa ba. Ido ya ce an karkata, jiki ya yarda. Hanya ta biyu tana can cikin kunne, bayan dodon kunne: wasu lanƙwasassun bututu uku cike da ruwa da ke jin juyawar kai, da 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi da ke nuna ina ne ƙasa.

Hanya ta uku ita ce aka fi mancewa da ita, kuma ita ce ta fi shafarmu. Rufe ido ka ɗaga hannu: ka san inda yake ba tare da ka duba ba. Akwai ƙananan kafofin ji a cikin tsoka, da gaɓɓai, da fatar tafin ƙafa, suna aika saƙo ba tsayawa. Charles Sherrington na Ingila ne ya bayyana wannan ji a 1906. Darajarsa ta fito fili a labarin Ian Waterman, wani mahauci ɗan shekara 19 da ciwo ya lalata masa waɗannan jijiyoyi daga wuya zuwa ƙasa a 1971. Tsokokinsa da ƙarfinsu, amma ya kasa zama, balle tsayuwa. Ya sake koyon tafiya ta hanyar kallon ƙafafunsa a kowane taku, kuma idan fitila ta mutu, sai ya zube. Mai ciwon suga da ya daɗe, wanda ke cewa ƙafarsa ta yi dundum ko yana jin kamar yana taka auduga, ya ɗanɗani kaɗan daga cikin wannan. Da rana ido yana rufa masa asiri. Idan aka ɗauke wuta, ko ya fita sallar asuba cikin duhu, hanya ɗaya ce ta rage masa cikin uku.

Jiki kuma ba jiran karkata kaɗai yake yi ba, yana riga ta. A 1967 masu bincike a Mosko, cikinsu har da Victor Gurfinkel, sun nuna cewa kafin mutumin da ke tsaye ya ɗaga hannu da sauri, tsokokin ƙafarsa sun riga sun ɗaure. A shekarun 1990, Paul Hodges da abokan aikinsa a Ostareliya sun gano cewa cikin tsokokin da ke wannan shiri har da babbar tsokar numfashi, wato faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta sauka tana jawo iska cikin huhu, tana kuma matse ciki daga sama, matsin ya tallafi ƙashin baya. Tsoka ɗaya, aiki biyu. A 2001 suka ƙara nuna cewa idan buƙatar iska ta ƙaru, aikin tallafin ne ke raguwa, don ƙwaƙwalwa numfashi take fifitawa. Ma'anar wannan a tsakar gida ita ce: lokacin da Hajiya ta gama hawa bene tana haki, a lokacin ne ta fi rauni a tsaye. Kada a miƙa mata kaya ko a kira ta ta waiwayo sai numfashin ya lafa.

Abin da ba na horo ba ne

Kafin a fara komai, a ware abin da asibiti kaɗai ke iya magancewa. Jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya, ko ganin abu biyu-biyu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A tafi asibiti a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba. Haka ciwon ƙirji, da suma, da haki a zaune ko a kwance tare da kumburin ƙafa.

Idan duhu ne ke rufe ido da an miƙe tsaye, a nemi a auna jini a kwance, a sake aunawa bayan an tashi. Faɗuwar lamba ta sama a awon jinin da maki 20 ko fiye cikin minti uku abin dubawa ne, kuma sau da yawa laifin na maganin hawan jini ne da ya yi yawa, ko rashin shan ruwa a zafin bazara. A tattara duk magungunan da tsohon ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a kai wa likita. Maganin barci da magungunan mura masu sa gyangyaɗi suna rage saurin takun nan na ceto. Allurar jentamaisin, wadda wasu ke yi ba da umarnin likita ba, tana iya lalata cikin kunne, kuma abin da ta lalata ba ya cika dawowa.

Akwai wata hajijiya da nake son kowa ya gane, don tana wahalar da mutane wata da watanni alhali maganinta na 'yan mintoci ne. Mutum ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai sama, sai ɗaki ya kama juyawa, kafin minti ɗaya ya tsaya. Galibi tsakuwoyin nan na cikin kunne ne suka ɓalle suka faɗa cikin bututu. Wani likitan kunne a Amurka, John Epley, ya wallafa a 1992 yadda ake juya kan mutum daki-daki har su koma mazauninsu. Likitocin kunne da ma'aikatan sashen gashi, irin waɗanda ke manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da sauransu, sun san wannan aiki. Yanar ido ma a duba ta. Cire ta yana mayar wa tsoho da hanya guda cikin ukun.

Gwaji

A fara da tambaya, kuma a iya yin ta. Dattijo ba ya son a ce ya faɗi, don ya san abin da zai biyo baya shi ne a hana shi fita. Maimakon "ka faɗi?", a ce: "Baba, daga bara zuwa yanzu ƙafa ta taɓa zame maka?" "Inna, kina jin jiki na rawa idan kin tashi?" A kuma tambaya ko akwai inda suka daina zuwa don tsoro. Amsar "e" ga ko ɗaya ta isa a ɗauki lamarin da muhimmanci.

A yi gwajin a kusurwar ɗaki, bango a baya da gefe, kujera mai ƙarfi a gaba, mai taimako a tsaye kusa, hannunsa a shirye amma bai riƙe ba. Ba silifas, ba safa a kan tayil.

Tsayuwa huɗu ce, kowacce sakan 10, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ƙafafu a haɗe gefe da gefe. Sai a ɗan gusar da ɗaya gaba, babban yatsan ta baya yana taɓa tsakiyar ta gaba. Sai ɗaya a gaban ɗaya sak, diddige na taɓa yatsu. Sai ƙafa ɗaya. Inda aka kasa, a tsaya nan. Wanda bai iya riƙe ta uku sakan 10 ba yana cikin haɗarin faɗuwa. Ta huɗun ta yi suna bayan wani bincike na Burazil da aka buga a 2022: cikin mutum 1,702 'yan shekara 51 zuwa 75, kusan ɗaya cikin biyar ya kasa, kuma a shekarun da aka bi su, haɗarin mutuwa a cikin waɗanda suka kasa ya fi na sauran da kashi 84 cikin 100. Kada a tsorata tsoho da wannan adadi. Rai na hannun Allah, kuma kasa tsayuwar ba ita ke kisa ba. Alama ce ta cewa jiki ya yi rauni a wurare da dama, a bincika.

Idan tsayuwa ta farko ta yi kyau, a maimaita ta ido a rufe. Wanda ya tsaya daram ido a buɗe amma ya fara tangaɗi sosai da ya rufe, da ido yake tsayuwa, kuma ya kamata a duba jijiyoyin ƙafarsa da sugansa. Wannan gwaji tsoho ne, na Moritz Romberg, likitan Jamus na ƙarni na 19, kuma har yau likitoci suna yin sa.

Sai ƙarfin cinya. A jingina kujera marar hannu da bango, tsayinta kimanin santimita 43. Hannuwa a harɗe a ƙirji, a tashi a miƙe sosai, a koma a zauna, a ƙirga sau nawa cikin sakan 30. A ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi, ƙasa da 14 ga namiji ɗan 60 zuwa 64, ko ƙasa da 12 ga mace, rauni ne. A shekara 80 zuwa 84 iyakar ta sauko 10 da 9. A kan mutanensu aka auna wannan, don haka ni na fi ba da ƙarfi ga kwatanta tsoho da kansa: nawa ya yi yau, nawa zai yi bayan wata guda.

Na ƙarshe shi ne tafiya. A auna mita uku daga kujera a ja layi. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna. Sakan 12 ko fiye alamar haɗari ce. Amma kada agogo ya ɗauke maka ido: dubi juyawar, taku nawa ta ci, da ko yana jan ƙafa a ƙasa. Daga baya kuna tafe a tsakar gida ka jefa masa tambaya. A Suwidin, a 1997, an lura cewa tsofaffin da ke tsayawa cak kafin su amsa magana sun fi faɗuwa a watanni shida masu zuwa, don tafiyar ta riga ta cinye hankalinsu duka. A rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata.

Horo

Tsufa ba ya hana tsoka amsawa. A 1990, a Boston, Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma masu rauni, 'yan kimanin shekara 90, ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Ƙarfin tara da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Wani babban nazari na 2019 da ya tattara gwaje-gwaje 108 ya nuna motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin 100, kuma irin wanda ke ƙalubalantar tsayuwa ne ginshiƙinsa. Tafiya kaɗai, duk da amfaninta ga zuciya da suga, ba ta wadatar. Shirin motsa jiki na Otago a Niyu Zilan, wanda ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100, minti 30 ne sau uku a mako, da tafiya a wasu ranakun. Wannan ma'auni ne mai kyau na farawa.

Uwar horon ita ce tashi daga kujera. A matso bakin kujera, a jawo ƙafafu baya su zo ƙarƙashin gwiwa, a karkato gaba har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a tura ƙasa a miƙe. Yawancin masu kasawa suna ƙoƙarin tashi ne da bayansu a miƙe, nauyi na baya. Komawa ta fi tashi daraja: a sauka a hankali ana ƙirga uku, ba a saki jiki a faɗa ba. Sau biyar zuwa goma, a huta, a sake. Wanda ba ya iyawa, a ɗora masa matashi ya ƙara tsayi, ko ya dafa da hannu. Idan ya yi sauƙi, a rage tsayin kujerar, ko ya rungumi galan ƙarami na ruwa.

Daga nan a koma bango ko bayan kujera. A ɗaga diddige a tsaya kan yatsu, a sauka a hankali. A ɗaga yatsu a tsaya kan diddige, don tsokar ƙwauri ce ke hana yatsa kama dokin ƙofa. A ɗaga ƙafa gefe ba tare da karkata jiki ba. Tsokar gefen ƙugu ce ke tare faɗuwar gefe, wadda ta fi karya ƙugu. Sai tafiya a bin bango: diddige a gaban yatsu taku goma, tafiyar gefe, tafiyar baya, zagaye turmi ta dama a dawo ta hagu, tsallake takalmi ko ƙaramin itace. A kuma koyi jefa ƙafa da sauri: mai taimako ya ce "gaba", "dama", "baya", tsoho ya taka ya dawo.

Abin da ke sa horon tsayuwa ya yi aiki shi ne ya kasance a bakin iyawa. Idan babu ɗan tangaɗi, jiki bai koyi komai ba. Idan kuwa ana neman faɗuwa, an wuce gona da iri. Don haka a riƙa janye tallafi mataki-mataki: hannu biyu, hannu ɗaya, ɗan yatsa ɗaya, sannan hannu a kusa da bango bai taɓa ba. Idan wannan ya zauna, a ƙara wuya ta wata fuskar: a juya kai dama da hagu, a tsaya a kan yashi ko naɗaɗɗen bargo, a rufe ido, ko a ce, "Inna, lissafo min jikokinki daga ƙarami zuwa babba," tana tafe. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci ɗaya.

A kuma riƙa sauyawa. A shekarun 1920, a Mosko, Nikolai Bernstein ya ɗauki hoton motsin maƙera suna dukan ƙarfe da guduma. Ya tarar gudumar na sauka wuri ɗaya, amma kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu ba sa bin hanya ɗaya sau biyu. Gwani yana warware matsalar ne sabuwa a kowane duka. Wanda ya koyi tashi daga kujera ɗaya a ɗaki ɗaya, kujerar ya koya. A tashi daga bakin gado, daga benci, daga kujera 'yar tsuguno idan gwiwa ta yarda. A yi tafiya a daɓe, a ƙasa, a tsakuwa.

Dattawa da yawa ba za su yarda da wani abu mai suna motsa jiki ba, suna ganin wasan yara ne. Ba sai an ja da su ba. A Sidni, Lindy Clemson da abokan aikinta sun saka horon a cikin ayyukan yau da kullum, kuma a sakamakon da suka buga a 2012 faɗuwa ta ragu da kashi 31 cikin 100. Mu muna da abin rataya shi: bayan kowace alwala a ɗaga diddige sau goma, kafin cin abinci a tashi a zauna sau biyar, ana sauraron labarai a rediyo a tsaya ƙafa a gaban ƙafa. Sallar farilla kanta raka'a 17 ce a yini, kuma mai yin ta a tsaye yana sauka ƙasa yana tashi sau da yawa kowace rana. Addini ya yi sauƙi ga mai uzuri, kuma wanda ciwo ko jiri ya hana, ya zauna ba tare da damuwa ba. Abin da nake roƙo shi ne kada 'ya'ya su yi gaggawar ajiye kujera ga wanda har yanzu yake iyawa, don tsoronsu su kawai.

Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan fara horo ba komai ba ne. Zafi mai suka a gaɓa, kumburi, ciwon ƙirji ko jiri kuwa dalilin tsayawa ne. Kuma a ba horon lokaci: wata uku kafin a yanke hukunci, ana maimaita gwajin a ƙarshen kowane wata. Lambar da ta ƙaru a littafin nan ta fi kowace nasiha ƙarfafa tsoho.

Numfashi

Babba mai lafiya a hutu yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ƙirga na tsohonka yana zaune bai sani ba, ka kuma duba inda motsin yake. Idan kafaɗu da wuya ne ke hawa da sauka, babbar tsokar ba ta yin rabonta.

A zauna a jingine, ko a kwanta gwiwoyi a lanƙwashe. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a saman cibiya. A shaƙa ta hanci a hankali, a bar ciki da ƙasan haƙarƙari su buɗe, na ƙirji ya kusa zama shiru. A fitar ba tare da turawa ba. Idan an saba, a shaƙa cikin ƙirga huɗu, a fitar cikin shida. Wannan ya kawo numfashi wajen shida a minti. Luciano Bernardi na Italiya da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa a wannan sauri jiki ya fi iya daidaita bugun zuciya da hawa da saukar jini. Minti biyar sau biyu a rana ya isa. Wanda shida ya yi wa tsawo, ya fara da uku da huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka ana nufin cika huhu tam sau da yawa. Yawan zuƙa da fitarwa yana zubar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri da tsikarin yatsu su zo. A hankali ake so, kuma a natse. Idan jiri ya zo, a koma numfashin da aka saba.

Daga kwance a kai wannan numfashi zaune, daga zaune a kai shi tsaye, sannan a haɗa shi da motsi, don a nan ne amfaninsa yake. A fitar da iska lokacin yunƙuri: ana tashi daga kujera ana fitarwa, ana ɗaga bokiti ana fitarwa. Riƙe numfashi da nishi a ciki yana harba jini sama nan take, ya kuma iya barin mutum da duhun ido bayan ya saki. Ga mai hawan jini wannan ba abin wasa ba ne. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar ba a riƙe ba ita ce a sa tsoho ya riƙa ƙirgawa da baki. Mai saurin haki, musamman wanda ya sha taba ko wadda ta shekara da shekaru a kan hayaƙin icce, ya koyi tsuke leɓɓa ya bar ƙaramar kafa, ya fitar da iska ta nan har tsawon ya ninka na shaƙa. Idan hakin ya taso a hanya, a tsaya, a dafa bango ko a zauna a ɗora hannuwa a gwiwa a ɗan karkato gaba, sai ya lafa a ci gaba.

Gida, da ranar da aka faɗi

Zagaya gidan da daddare, ba da rana ba, ka bi hanyar da tsohon ke bi daga gado zuwa bayi. Fitila mai caji ko tocila a inda hannu zai kai daga kwance. Bakin tabarmar da ya naɗe, wayar caji, dokin ƙofa mai tsayi, tayil ɗin bayi da ruwan sabulu: kowanne a gyara ko a kawar. A kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da masai. Silifas ɗin da ya sha ƙasa ya yi sumul a jefar, a sayi takalmi mai riƙe diddige. Da farkawa a zauna bakin gado minti ɗaya ana motsa ƙafafu kafin a miƙe. Sanda ba abin kunya ba ce, amma a yanke ta daidai: mutum a tsaye hannu a sake, kanta ya zo daidai wuyan hannu, a sa mata roba a gindi, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓarin, ba ɓarin ƙafar da ke ciwo ba.

Duk da haka wata rana ana iya faɗuwa, don haka tashi daga ƙasa ma a koye shi tun ana lafiya, a kan katifa, da mai taimako. A kwanta a ɗan natsu tukuna, a ji ko akwai inda ke ciwo. A mirgina gefe, a dafa a hau gwiwoyi da hannuwa, a rarrafa zuwa kujera ko gado. A ɗora hannuwa biyu a kai, a kawo ƙafar da ta fi ƙarfi gaba a kafa tafinta, a tura a juya a zauna. A zauna ɗin a jira numfashi ya daidaita.

Ku kuma da kuka tarar da tsoho a ƙasa, kada ku ruga ku ciccibe shi ta hammata. Ku tambaya, ku duba. Idan ƙafa ɗaya ta gajarta ta juya waje, ko ya kasa taka ta, ko yana kukan makwancin cinya, ku ɗauka ƙugu ya karye: kada a tsayar da shi, kada a ja ƙafar, a ɗauke shi a kwance a kan abu mai faɗi zuwa asibitin da ke da hoto, kafin a yi maganar ɗori. Idan kai ya bugu, musamman ga mai shan maganin tsinka jini, likita ya gan shi ko da ya ce lafiyarsa lau, kuma a sa masa ido makonni masu zuwa: yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa ko sabon tangaɗi na iya zama jini ne ke taruwa a hankali a cikin kai.